Umarnin da Yayanka Ya Ce Kada a Taɓa

Litinin, 3 ga wata

Ƙaiƙayi,

Sallama da gaisuwa daga wadda ta daɗe ba ta ji ɗuriyarka ba. Ina fatan kana lafiya, kai da matar taka da har yau ban sa ta a ido ba sai a hoto. An ce mini ta yi nauyi, Allah ya sauke ta lafiya. Mu nan kalau muke, in ka cire gwiwata ta hagu da ke tashina kafin agogo. Auta tana shirin jarrabawar ƙarshe, duk ta rame kamar ba a ba ta abinci.

Kada sunan ya ba ka haushi. Na san yanzu a wurin aikinku har da masu ce maka ranka ya daɗe. Amma ni matar yayanka ce, shekara biyu ka yi a ɗakinmu na baya kana karatu, kuma ban manta wanda ya kwance rediyona ya mayar, notuna uku suka rage a hannunsa ba. Yayanka ya sa maka sunan, ni kuwa ba zan sauke shi ba.

Da biro na rubuta na ɗauki hoton takardar, domin a waya ba na riƙe komai, ga shi safiyarmu ba ita ce safiyarku ba. Na'urar asibiti kuma ba a haɗa ta da waje saboda sirrin majinyata, don haka babu yadda za ka leƙo daga can.

Ka tuna rumbun bayanan da yayanka ya gina wa ɗakin gwajinmu? Shekara goma sha huɗu ke nan yana aiki, uku daga ciki babu maginin. Kowace safiya ina danna maɓalli ɗaya, na'ura ta haɗa tebur uku: na gadaje, wato wa ke kwance a ina, da na majinyata, da na sakamakon gwaji. Sai ta fito da takarda mai nuna kowane majinyaci da sakamakonsa na ƙarshe, likitoci su ɗauka su shiga zagaye ƙarfe takwas. Da can kafin in rataye jaka ta fito. Yanzu minti hamsin cur. Nakan zo bakwai saura, in danna, in zauna a kujerar yayanka da kofin shayi ina jira. Ba zan ɓoye maka ba, a zaman nan nakan ba shi labarin gida kamar yana ji.

Makon jiya ta wuce awa, likitoci suka shiga zagaye hannu rabbana. Aka sallami wani dattijo ba a ga sakamakonsa ba, sai da aka bi shi har bakin titi aka dawo da shi. Babban Likita ya kira ni. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi in watan nan ya ƙare ba a gyara ba, za a kwashe bayanan a zuba a sabon tsari, wannan a kashe shi.

Ƙaiƙayi, tufafinsa na rabar, littattafansa na bayar. Wannan ne kaɗai abinsa da ya rage yana motsi. Ka gaya mini abin yi dalla-dalla, kamar kana koya wa wadda ba ta taɓa ganin na'ura ba.

Antinka

*

Laraba, 5 ga wata

Anti,

Na amsa sallama, na kuma amsa sunan da hannu biyu. Shekara nawa rabon da wani ya kira ni haka, sai na ji kamar ina tsaye a ƙofar kicin ɗinki ina jiran a zubo mini. Ya gwiwar? Ki rage hawan matakalar nan ta asibiti. Ki ce wa Auta ta ci abinci, ba a cin jarrabawa da yunwa. Mutuniyar tana gaishe ki, saura mata mako uku inji likita.

Kafin komai, akwai nauyin da nake ɗauke da shi. Da Yaya ya rasu waya kawai na buga, ban zo ba. Na ce aiki ne ya riƙe ni, amma gaskiyar ita ce na kasa tunanin shiga gidan nan babu shi. Ki yafe mini.

To, ga maganar na'ura. Ki ɗauki ɗakin kati na asibitinku. In aka zuba katuna a buhu aka ce ki nemo na mutum ɗaya, dole ki ɗaga kowane kati ki duba. In kuwa akwai rajista a bakin ƙofa, lambobi a jere, kowace lamba da inda katinta yake, kai tsaye za ki tafi. Wannan rajistar ita ce fihirisa, wadda mu a wurin aiki muke ce wa indes.

Sannan a cikin rumbun akwai wani ɓangare da ba shi da aiki sai zaɓen hanya. Mu kira shi jagora. In kin danna maɓallin nan, kafin a ɗauko komai, shi zai duba girman kowane tebur da fihirisar da ke akwai, ya yanke da wanne za a fara. Mai hankali zai fara da gadaje, tunda ba su wuce ɗari da ashirin ba, sannan ya bi kowane majinyaci ya ɗauko sakamakonsa ta fihirisa. Ina zargin teburin sakamako ba shi da fihirisa a kan lambar majinyaci, shi kuma a shekara goma sha huɗu ya tara miliyoyin layuka.

A shafi na biyu na rubuta miki umarni uku, ki kwafa harafi da harafi. Na farko zai ɗauki kwafin komai, kada ki tsallake shi. Na biyu zai gina fihirisar. Na uku zai sa na'ura ta sake ƙidaya layukan kowane tebur, don jagora ya san girmansu na yau. Fihirisa ba ta cutarwa in an sa ta inda ake bukatarta.

In bai yi ba, akwai umarni na huɗu a ƙasa. Shi zai sa jagora ya rubuto taswirar hanyar da ya bi. Ki turo mini ita tare da tambayar, wato rubutun Yaya da maɓallin ke aika wa rumbun, gaba ɗayanta, kada ki bar ko ɗigo.

Ƙaninki, Ƙaiƙayi

*

Litinin, 10 ga wata

Ƙaiƙayi,

Gaisuwa da fatan kun tashi lafiya. Gwiwa da sauƙi. Maganar rashin zuwanka mu bar ta, ba yau ba.

Na yi duk yadda ka ce, ina kwafa ina karantawa a fili kamar 'yar firamare. Washegari na danna ina murmushi. Minti arba'in da tara. Minti ɗaya muka ci, Allah ya amfana.

Sai na ce tunda fihirisa ba ta cutarwa, wataƙila ɗaya ce ta yi kaɗan. Teburin sakamako yana da shafuka goma sha ɗaya, wato gurabun bayani irin na lambar majinyacin nan, na bi sauran goman ɗaya bayan ɗaya na yi wa kowanne tasa. Har da na sunan wanda ya ɗebi jini. Ina jin kaina wata injiniya. To yanzu ga inda muke: takardar safe tana nan a minti hamsin ɗinta, masu gwaji kuma suna zuwa ƙofata suna cewa duk sakamakon da suka shigar sai na'ura ta tsaya tana tunani. Yau na sake karanta wasiƙarka na ga ƙarshen jimlar, "inda ake bukatarta". Rabin farko na ɗauka na ruga da shi. Ka yi dariyarka, na ba ka izini sau ɗaya.

Ga taswirar hanyar, ga tambayar, shafi uku. Teburin sakamako layi miliyan uku da dubu ɗari biyu ne, na ƙirga sifirorin sau biyu. A saman tambayar za ka ga inda yayanka ya rubuta da manyan baƙaƙe: KADA A TAƁA WANNAN. NA FAƊA. Shi da 'yar kalmar da ke ƙarƙashinsa ka tsallake su, ka nemi cutar a wani wuri. Bara asibiti ya kawo wani mai gyara, yana zuwa ya kai hannu wurin. Na tsaya a kansa na ce in ya taɓa, sai dai ɗayanmu ya bar ɗakin. Ya tattara jakarsa ya tafi.

Saura kwana ashirin. Babban Likita ya fara gaishe ni da irin muryar da ake gaida mai jinya.

Antinka

*

Talata, 11 ga wata

Anti,

Ina gaisuwa. A tsaye nake rubutu, ki yi haƙuri da gajarta.

Na gano. Laifin yana cikin abin da Yaya ya rubuta, daidai wurin da kika ce in tsallake. Kalmar nan ta ɗaure jagora, shi ya sa fihirisar ba ta yi amfani ba. Mai gyaran bara gaskiya ya gani. Ki goge ta, ki cire fihirisa goman da kika ƙara. Shi ke nan.

Sauran bayani daga baya.

Ƙ.

*

Laraba, 12 ga wata

Ƙanin mijina,

Na ga saƙonka. Lafiyarmu lau, tunda ba ka tambaya ba.

Layi biyar. Shafi uku na zauna na kwafa maka da hannuna har yatsuna suka sage, ka ba ni layi biyar, a ciki har ka samu wurin cewa laifin yayanka ne. Mutumin da ya koya maka riƙe linzamin kwamfuta. Mutumin da ya gina abin nan shi kaɗai, a ɗakin da ko taga babu, ya yi shekara goma sha ɗaya yana aiki ba a taɓa jin kansa ba. Yau ba ya nan balle ya kare kansa, sai ka ce "ki goge, shi ke nan", kamar ana share allo.

Ban taɓa jin yayanka ya ce "na faɗa" a kan abin banza ba. In ya ce kada a taɓa, yana da dalili, ko da ni da kai ba mu san shi ba. Abu ɗaya ya bari a rubuce yana roƙon a kiyaye masa, kuma ni ce na rage mai kiyayewa.

Na ce mu bar maganar rashin zuwanka. To na fasa. Ta yi mini ciwo a lokacin, yau ma ta dawo sabuwa. Wanda bai iya zuwa ya zauna da mu kwana ɗaya ba, bai kamata ya yi saurin cewa a goge ba.

Fihirisa goman na cire, wannan kuskurena ne, masu gwaji sun huta. Sauran kuwa, in kashe shi za su yi, su kashe shi yadda ya bar shi.

Matar yayanka

*

Juma'a, 21 ga wata

Anti,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina kuma tambayar gwiwa da Auta da jarrabawarta, abin da ya kamata in yi tun wancan karon. Kwana tara kina jiran amsa, na san kin ɗauka fushi na yi ko girman kai. Ba ko ɗaya.

Saƙon nan mai layi biyar a barandar asibiti na rubuta shi, an shiga da mutuniyar ɗakin tiyata, haihuwa ta zo kafin lokaci. Ina jira hankalina ya ƙi kwanciya, sai na buɗe shafukanki don in samu abin riƙewa. Na ga matsalar, na rubuta a guje, ban ko sake karantawa ba. An samu mace. Kwana takwas ta yi a kwalba, jiya aka sallame mu, ita da uwar duk lafiya. Ma'aikaciyar jinya ta ce ba ta taɓa ganin jaririya mai cire robar hancinta sau uku a wuni ɗaya ba. Na ce mata gado ne.

Abin da kika faɗa a kan rashin zuwana gaskiya ne, ba ni da ta cewa. Kalmar "laifi" kuma ban kyauta ba. Yaya bai yi kuskure ba. Bari in gaya miki yadda aka yi, domin ina wurin ranar da ya rubuta gargaɗin nan.

Wata Asabar ce da hantsi, ya tafi da ni ɗakin nan marar taga. Lokacin teburin sakamako layi ɗari huɗu ne kacal, jagoran wancan zamanin kuma ba shi da wayo, sai ya riƙa zaɓen hanyar banza. Yaya ya gaji da shi, ya sa kalmar nan. Ma'anarta: kada ka yi tunani, ka fara da teburin sakamako, ka karanta shi tun daga farko har ƙarshe, sannan ka nemi majinyata da gadaje. A layi ɗari huɗu wannan dabara ce mai kyau, takarda na fitowa kafin ƙiftawar ido.

Sai ya fita ɗauko Auta daga makarantar Asabar. Ni kuwa ina aji biyu a jami'a, na karanta a littafi cewa ba a tilasta wa jagora. Na goge kalmar. Ya dawo da Auta a kafaɗa ya tarar na'ura ta tsaya cak, ni kuma ina zufa ina danne-danne. Ya zauna ya mayar da kalmarsa, ya rubuta gargaɗin da manyan baƙaƙe, ya juyo da allon wajena ya ce, "Ƙaiƙayi, karanta da ƙarfi." Na karanta. Ya ce, "Sake." Auta tana ta dariya ba ta san dalili ba. Da muka koma gida ke kika tambaye ni me ya sa na ƙi cin abinci, na ce ciwon kai.

Ba zan ƙirƙira miki wasiyya ba. Ban ji ya ce wata rana a cire ba. Abin da na sani shi ne yau na'ura tana yi masa biyayya, tana karanta layi miliyan uku kowace safiya don ta nemo na mutum ɗari da ashirin. Fihirisar da muka gina tana nan a bakin ƙofa, an hana jagora ya kalle ta. An sabunta rumbun sau da yawa tun lokacin, jagoran yanzu ya san aikinsa. Na kuma san Yaya bai gina abin nan don a sallami dattijo babu sakamako ba.

Abu biyu ne a wurin. Gargaɗin, na'ura ba ta karanta shi, don mutane aka rubuta. Kina iya barinsa har abada. Kalmar da ke ƙarƙashinsa ita ce ɗaurin. Ki ɗauki kwafi, ki cire ta ita kaɗai. In bai yi ba ki mayar, ba abin da zai ɓace.

Ko da ina kusa, ba ni zan cire ta ba. Ni aka hana, Anti. Ke ba a taɓa hana ki komai a ɗakin nan ba.

Ƙaninki, Ƙaiƙayi

*

Alhamis, 27 ga wata

Ƙaiƙayi,

Barka, barka, Allah ya raya mana ita, ya ba uwarta lafiya. Hoton da ka turo yana jingine a jikin na'ura. Kana can kana jiran rai biyu, ni ina nan ina auna tsawon wasiƙarka. Na ji kunya ƙwarai. Ka yafe wa antinka, bakina ya riga hankalina. Auta ta gama jarrabawa, ta ce ba ta tuna ranar ba, amma ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni na tuna ciwon kan nan naka. Har magani na ba ka, ka sha, maƙaryaci.

Kwana biyar wasiƙarka tana jakata. Kullum in buɗe tambayar, in kai hannu, in janye. Shekara uku ina gadin wannan wuri, na kori bawan Allah mai gaskiya a kansa, ashe jan kunnen wani ɗalibi mai ƙaiƙayin hannu nake gadi. Da na gane haka na yi dariya ni kaɗai, daga nan kuma sai kuka.

Jiya Laraba na zo bakwai saura kamar kullum. Na ɗauki kwafi. Na ce masa, "Malam, zan taɓa." Na cire kalmar, harafi goma sha biyu ce duka. Gargaɗin na bar shi inda yake, ko don ranar da za ka zo. Na danna maɓalli, na juya in ɗauki shayina in zauna.

Ban kai ga kujera ba na ji injin buga takarda ya tashi.

Na ɗauka wani abu ne ya lalace. Na ɗauki takardar na bi ta gado-gado da rajistar ɗakin maza da ta ɗakin mata, mutum ɗari da goma sha bakwai, babu wanda ya ɓata. Na sake dannawa ina kallon agogo. Daƙiƙa huɗu. Na nemi taswirar hanya yadda ka koya mini, ga jagora ya fara da gadaje, ya bi ta fihirisarmu tiryan-tiryan.

Na kai wa Babban Likita da kaina. Ya sa na danna a gabansa sau biyu, ya cire tabarau ya mayar, ya ce to a bar maganar sabon tsari. Na kuma nemi lambar mai gyaran bara na ba shi haƙuri. Aikin yayanka ya tsira, Ƙaiƙayi, kuma da hannunka a ciki, ko da ba ka taɓa ba.

Amma akwai abin da ban yi lissafinsa ba. Da na dawo ɗakin, shayina ya huce, ƙarfe takwas ma ba ta yi ba. Na tsaya a tsakiyar ɗaki ban san abin yi ba. Minti hamsin ɗin nan da nake ta kuka da su, su ne lokacin da nake zama da shi. Ba wanda ke shigowa, ba wanda ke tambayar me nake yi, ai kowa ya san na'ura nake jira. Yanzu ba ni da abin jira. Na yi murna, wallahi na yi, amma sai da na ji kamar an sake yi mini rasuwa ƙarama.

Yau da safe Auta ta ce, tunda an gyara, in yi barcina in tafi takwas saura. Na ce mata to. Bakwai saura ta same ni a ɗakin. Na danna, takarda ta fito, na ajiye ta a gefe. Na ja kujerarsa na zauna da shayina, na gaya masa an yi maka 'ya, kuma hannunta irin naka ne.

In jaririyar ta yi ƙwari ku zo. Ɗakin baya yana nan, na sa an gyara tagar. Rediyona dai zan ɓoye.

Antinka